Irin Ciwon Auta

Shekara talatin da ɗaya Dispensa, kamar yadda kowa ke kiransa, ya yi a bayan tagar ba da magani ta wani ƙaramin asibiti, irin wanda likita ba ya leƙawa sai sau ɗaya a wata, in ma ya leƙa. Don haka shi ne likitan, shi ne mai allura, shi ne mai yi wa tsofaffi faɗa su rage gishiri. Doka ɗaya ya riƙe tsawon shekarun nan: duk wanda ya tsaya a tagarsa yana nishi ba zai koma gida hannu rabbana ba, ko da ƙwayar ciwon kai ce za a naɗe masa a takarda. Da ya yi ritaya an karɓi mabuɗin tagar, amma halin ya biyo shi gida. Baƙo ba ya tari sau biyu a falonsa sai ya ga tsohon ya miƙe ya nufi wani gwangwanin biskit da ke saman kabad, inda yake tara ragowar magunguna. Matarsa takan ce ko sauro ne ya yi atishawa a gidan nan, sai ya sha rabin ƙwaya kafin a bar shi ya fita.

Sai ga ciwon da ya fi ƙarfin gwangwanin ya shigo har cikin gida, ya kama autarsa.

Auta malamar lissafi ce a firamare, shekarunta ashirin da bakwai, siririya mai saurin tafiya da saurin dariya. Abin ya fara mata da murɗar ciki da gudawa, daga baya jini ya biyo. Dispensa ya ce atini ne, ya yi mata maganin atini har sau uku. Da ya ga yarinya tana ƙarewa a tsaye, ya haɗiye girman kansa ya kai ta babban asibiti. Can aka zura mata bututu mai kyamara, aka ce kumburin babban hanji ne, kuma ba wata ƙwayar cuta ba ce ta shiga, garkuwar jikinta ce da kanta ta juya tana yaƙar hanjin. Wannan bayani bai taɓa zauna wa Dispensa ba. Shi ya saba da cutar da za a nuna masa ya kashe.

Shekara uku ke nan. A cikinsu Auta ta haddace kowane banɗaki tsakanin gida da makaranta, na gidan mai, na kantin magani, na wata mai ɗinki da ta daina tambayarta dalili. Ta roƙa aka mayar da ajinta kusa da banɗakin malamai. A gida ta koma ƙaramin ɗakin da ke jikin banɗaki, ubanta kuma yana falo da jarida a buɗe, ba karatu yake ba, ƙarar sakatar banɗakin yake ƙirgawa. Ranar da aka samu sauƙi, sau bakwai. Ranar da ta ɓaci, sha shida.

Magani ɗaya ne ke kashe wutar nan da nan, wata 'yar mitsitsiyar ƙwaya mai ɗaci da ke kwantar da kumburi, wadda Dispensa ke kira 'yar fara. Amma 'yar fara ba ta aikin banza. Ta kumbura wa Auta fuska, ta hau da sukarin jininta, ta cinye mata ƙashi har ƙafarta ta tsage a kan matakalar da ba ta kai gwiwa ba. Likitarta ta janye ta a hankali, ta koma kan allurai. Ta farko ba ta yi komai ba. Ta biyu ta yi wata huɗu tana aiki, sannan ta sake ta. Daga nan aka fara ambaton likitan tiyata, da maganar cire babban hanjin gaba ɗaya a huda gefen ciki a manna jaka. Auta ta ji maganar jakar nan, ta kwashi takardunta ta riga ubanta fita.

Likitar yarinya ce a idon Dispensa, ba za ta girmi 'yarsa ta biyu ba, mai tabarau da ɗabi'ar yin zane a bayan takarda in tana bayani. Wata safiya ta zaunar da su ta zana da'ira uku. Ta ce sunan ciwon ɗaya ne, amma a can ciki ba hanya ɗaya yake bi ba, shi ya sa allurar da ta tayar da wani daga gado ba ta yi wa Auta ko gezau ba. Akwai wani ɗakin bincike da suke aiki tare, inda ake ɗaukar ɗan tsokar hanji da bai kai ƙwayar shinkafa ba, a duba waɗanne ƙwayoyin halitta ne suka farka a cikinsa suke hura wutar, sai a san rukunin da mai ciwon ya faɗa. Magani biyu suka rage wa Auta, kowanne da hanyar da yake toshewa, kowanne kuma sai ya yi wata biyu zuwa uku kafin a san ko zai yi. Jikinta ba shi da lokacin gwada biyun. Ta ce bincike ne, ba ta yi musu alkawarin tabbas ba, amma ya fi a rufe ido a zaɓa.

Sai ta kafa sharaɗi. Dole a ɗauki tsokar lokacin da ciwon ke kan ganiyarsa, babu 'yar fara ko ɗaya a jiki, don ita takan rufe bakin ƙwayoyin da ake son a ji. Ta sa ranar gwajin nan da mako uku. Ta juyo ga Dispensa za ta maimaita, ya ɗaga hannu ya ce ya gane, ai tun ba a haife ta ba yake ba da wannan ƙwayar. Likita ta yi murmushi ta ƙyale shi.

Kwana takwas ya daure. A rana ta tara da safe ya fito ya tarar da Auta zaune a ƙasa a bakin banɗaki, da kayan makaranta a jikinta, ta kifa goshi a gwiwa, littattafan yara sun zube a gefe. Ba kuka take ba. Ta ce masa kawai tana jira ƙafafunta su dawo. Ya kama ta ya mayar da ita ɗaki, ya ji kamar buhun auduga ya ɗauka. A kan teburinta ya ga takardar shirin gwajin, yini guda ba abinci, ga ruwan wankin ciki mai yawa da za ta shanye. Ya karanta sau biyu, ya dubi yarinyar da ko kofin shayi ba ta iya gamawa.

Mutum in yana son yin abu, hujja ba ta yi masa wuya. Dispensa ya ce a ransa wannan jikin ba zai ɗauki wankin ciki ba sai an ɗan tallafe shi. Ya ce gyambon shekara uku ba zai ɓace a kwana sha biyu ba, duk abin da na'urarsu ke nema za ta tarar da shi. Ya ce likitocin yanzu sun san kwamfuta, amma ba su taɓa zama da majinyaci daga su sai shi ba. Gaskiyar magana kuwa ita ce bai iya kallon ciwo hannunsa na naɗe ba, bai taɓa koyo ba.

Kuma hanya a buɗe take. Tun da ciwon ya fara, shi ke jera wa Auta magungunanta a wani akwatin roba mai gida bakwai, ita kuma ta juye a tafin hannu ta watsa baki ba tare da ta duba ba, kamar yadda ta saba tun tana ƙarama. Ya sauke gwangwanin, ya samu ragowar 'yar fara ta bara, ya duba kwanan wata kamar mutumin kirki, ya ƙara shida shida a kowane gida. Da ta ce wannan sabon akwai ɗaci, ya ce na ƙarin jini ne, magani ai ba alewa ba ne.

Sakata ta sauko daga sha shida zuwa tara, daga tara zuwa biyar. Auta ta nemi ƙarin abinci. Ta koma makaranta ta yi yini cur, ta dawo tana ba da labarin wani ɗalibi da ya ce rabi ya fi kwata girma ne saboda shi aka fara haifa. Uwarta ta dinga hamdala tana share ido da gefen mayafi. Dispensa kuwa yawo yake a gida kafaɗa a sama, yana gyara labulen da ba abin da ya same shi. Kada a yi masa ƙarya, bai ji wani nauyi a zuciya ba a kwanakin nan. Daɗi ya ji, irin wanda ya manta da shi tun ranar da ya bar taga.

Ranar gwaji Likita ta fito tana ɗan jinjina kai, ta ce hanjin ya lafa fiye da yadda ta zata. Ta tambayi Auta, wadda maganin barci bai gama sakinta ba, ko ta sha wani abu ban da abin da aka rubuta. Auta ta ce a'a, kuma iyakar saninta gaskiya ta faɗa. Dispensa yana tsaye riƙe da jakarta da takalmanta. Ba a tambaye shi ba, shi ma bai ga dalilin tsoma baki ba. Da suka koma gida ya ci gaba da rage ƙwayar sannu a hankali, don ya san ba a yanke ta farat ɗaya. A nan dai ya yi aikin gwani.

Bayan mako uku aka kira su. Likita ba ta yi zane ba ran nan. Ta ce ɗakin bincike sun kasa sanya Auta a kowane rukuni, tsokar ta yi tsit, ba ta nuna komai ba, kuma sun ce sun san wannan irin shirun. Ta sake tambayar Auta, Auta ta sake cewa a'a, har ta fara jero abin da take sha da yatsu. Da ta kai kan na ƙarin jini mai ɗaci, sai Likita ta cire tabarau ta dubi tsohon.

"Guda nawa, Baba?"

"Shida, da safe."

"Kwana nawa?"

"Sha biyu. Daga nan na riƙa ragewa."

Ta rubuta a fayil. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ce ai na faɗa maka ba. Da ta zage shi da ya fi samun sauƙi, don ya shirya amsa tun daga gida, amsa mai kyau da shekara talatin da ɗaya a cikinta, amma ba a ba shi inda zai ajiye ta ba. Auta ta juyo ta dube shi. Ba harara ba ce. Kallo ne irin na wanda ya taka matakalar da ya saba takawa ya ji babu ita.

Likita ta ce hanya biyu ce. Ko ta zaɓi ɗaya daga magungunan nan yau bisa zato, ko a jira mako shida 'yar fara ta fice daga jiki, ciwon ya dawo, a sake ɗaukar tsoka. Auta ta tambaya, in zaton bai yi daidai ba fa? Likita ta ce to an ɓata wata uku, kuma da wuya a kauce wa tiyata. Dispensa ya buɗe baki, Auta ta riga shi. Ta ce za ta jira.

Da yamma ta fito falo ta tsaya a gabansa.

"Baba, ba ni akwatin maganin."

Ya miƙa mata. Ta ce ta gode, ta koma ɗaki. Gwangwanin kuwa uwarta ce ta sauke shi ta fita da shi, bai tambaye ta inda ta kai ba.

Daga nan gidan ya shiga wani irin zama da ba wanda ya san yadda ake yinsa. Jiran ciwo suke yi. Uwar ta ce ita fa ta rasa abin da za ta roƙa, in ta ce Allah ya ba da lafiya an ɓata gwaji, in ta ce ya dawo da ciwon wace irin uwa ce ita. 'Yan dubiya su zo su ce jiki ya yi kyau, a amsa musu da alhamdulillahi a sanyaye. Dispensa na falo da jaridarsa, sakata ta yi ƙara, ya rasa ko ya ji daɗi ko ya ji tsoro. Hannayensa suka zame masa kaya. Ya gyara famfo, ya wanke fitilu, ya jera takalman gidan kaf bisa girma, har matarsa ta ce in ya taɓa mata tukwane za su ɓata. Auta tana gaishe shi safe da yamma yadda ta saba, ba ta rage komai ba, sai dai ta daina ba shi labarin yara.

Ciwon bai jira mako shida ba. A na huɗu ya dawo, kuma ba yadda ya tafi ya dawo ba. Zazzaɓi ya rufe ta, sakata ta wuce ashirin har Dispensa ya daina ƙirgawa, abin da ke fita kuma kusan jini ne zalla. Da azahar suka ɗauke ta a bayan motar maƙwabci, kanta a cinyar uwarta. A ranar Likita ta leƙa bakin hanjin da ƙaramin bututu ta ɗauki tsokar, ta ce wannan karon ba za a ce ta yi shiru ba. Tana gamawa ta sa a fara ba Auta maganin kwantar da kumburi ta jijiya, ɗan'uwan 'yar fara, mai ƙarfi ninkin ba ninkin. Dispensa ya tsaya yana kallon yadda yake ɗiga. Maganinsa ne, yanzu da izinin likita, kuma a wannan karon bai yi aiki ba.

Sakamako yakan ɗauki mako uku. Likita ta yi waya a gabansa, ta roƙa, ta yi magiya, aka ce in an matsa ƙwarai kwana sha biyu. Kowace safiya ana tura Auta ɗaukar hoto, kowace safiya Likita da wani dogon mutum mai furfura a gemu su tsaya gaban kwamfuta suna magana ƙasa ƙasa. Dispensa bai buƙaci a gaya masa cewa likitan tiyata ne ba. Cikin Auta ya kumbura ya yi tauri, ta daina yarda ko zanen gado ya taɓa shi.

A rana ta shida aka ce hanjin ya buɗe ya yi siriri, zai iya fashewa, gara a cire shi tun yana a haɗe. Dispensa ya bi Likita har baranda, yana sauri da ƙafafun tsufa. Ya ce a ba da ɗaya daga magungunan biyu mana, kowanne ne, a gwada. Ta ce dukansu masu jinkiri ne, ba su san gaggawa ba. Ya ce to a ƙara na jijiyar. Ta ce an kai iyaka. Ya kama bakin rigarta, abin da bai taɓa yi wa kowa ba a rayuwarsa.

"Kwana shida ne fa kawai suka rage, Likita."

"Hanjin ba zai kai ba, Baba."

Ya saki rigar. Ya tsaya a barandar nan, masu tura gado suna kauce masa, yana neman abu ɗaya da zai iya yi, ko ɗaukowa, ko roƙa, ko sayarwa, bai samu ba. Da ya koma ɗaki Auta ta riga ta sa hannu a takardar da kanta.

Aiki ya yi kyau, haka dogon likitan ya ce, kuma da gaskiyarsa. Zazzaɓi ya sauka. A rana ta uku Auta ta zauna, a ta huɗu ta taka zuwa taga ana riƙe da ita. Wata nas mai fara'a tana zuwa kullum ta koya mata yadda ake yanka bakin jakar daidai da hudar, yadda ake mannawa, yadda ake zubarwa. Ta ce mata mutane da yawa suna aikinsu da ita, suna aure, suna haihuwa, kuma nan gaba ana iya duba yiwuwar wani aikin a mayar da hanya. Auta tana saurare tana maimaitawa kamar ɗaliba. Duk sanda za a buɗe zanen, Dispensa yakan fita. Mutumin da ya wanke gyambon ƙauye guda, ya kasa kallon wannan.

Takardar ta iso ranar da aka ce, ba ta makara ba ko da yini ɗaya. Likita ta shigo da ita a ninke da hantsi, uwar ta je gida ɗauko kaya. Ta ce sakamakon ya zo, yanzu ba abin da zai canza, kuma ba dole ba ne Auta ta ji. Auta ta ce a ba Baba ya karanta, shi ya iya karatun takardar asibiti. Ko da wata manufa ta faɗa, ko sabo ne kawai, Dispensa bai sani ba.

Ya sa tabarau. Rubutun a fili yake, babu wani kwana kwana. Rukuni na biyu. A ƙasa an rubuta sunan ɗaya daga magungunan nan biyu, an ce shi ya fi dacewa da masu wannan rukuni. Ya karanta a bayyane, muryarsa irin ta bayan taga, har ya kai ƙarshe.

Likita ta yi saurin cewa ko da an samu wannan tun farko ba wanda zai rantse, cikin kowane mutum goma masu irin wannan da aka gwada, shida ne maganin ya karɓa. Dispensa ya cafke sauran huɗun nan da hannu biyu. Ya ɗago yana son ya ce kin ji, huɗu ba kaɗan ba ne, wa ya sani. Amma 'yarsa malamar lissafi ce.

"Shida cikin goma," in ji ta. Ta dubi silin na ɗan lokaci. "Ashe akwai maganina."

Likita ta karɓi takardar ta sa a fayil, ta dafa ƙafar Auta ta fita. Dispensa ya zauna a kujerar roba, yana jujjuya kalmomi a baki, na neman gafara da na bayani duk sun cakuɗe, kowace ya ɗauko sai ya ji ta yi ƙanƙanta. Can Auta ta ɗan motsa, ta kai hannu gefen cikinta ta saman zane.

"Baba, jakar ta cika."

Ya miƙe da sauri har kujerar ta faɗi. Ya nufi famfo yana naɗe hannun riga, ya ce bari ya wanke hannu, ai ba wani abu ba ne, ya iya.

"A'a, Baba," ta ce a hankali. "Kira min nas."

Ya tsaya da hannun riga ɗaya a naɗe, ruwa na zuba. Sannan ya kashe famfon, ya ɗaga kujerar ya mayar da ita wurinta, ya fita neman nas.